Ragunan Ulu na Yaya Indo

Yau wata huɗu da rasuwar yayata Indo. Na sha ɗaukar biro don in rubuta yadda jinyarta ta kasance, in ajiye, saboda akwai waɗanda ba za su ji daɗin karantawa ba, kuma ni ma ina cikinsu. Amma idan mace ɗaya ta karanta ta tashi ta je aka gwada jininta, buƙatata ta biya.

Sunana Zulai, ina aure a Funtua. Yaya Indo ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Tana aure a Dayi, gidan Malam Ilu, manomin masara da waken suya. Allah bai ba ta haihuwa mai rai ba. Sana'arta saƙa da kwarashi: hulunan jarirai, safa, marufin kwano. Shekara uku da suka wuce ta ga hoton wata 'yar tsana ta ulu a wayar maƙwabciyarta, ta zauna ta ƙirƙiro tata. Ta saƙa ɗan rago wanda tsawonsa bai wuce babban yatsa ba, jikinsa fari, ƙahonsa baƙi a murɗe, da jan zare a wuya. Ta cusa masa auduga, ta ɗinka masa zoben ƙarfe a gadon baya don rataya makulli. Duk Babbar Sallah 'yan acaɓa da direbobin bakin titin Dayi sai sun saya. Har tsokana suke yi, wai wanda bai samu na yanka ba ya samu na aljihu.

Saura mako shida Sallah ta fara saƙar bana. A makon ne bakin kwarashi ya soke ta a yatsan hagu, wanda take naɗe zare a kai. Ba ta ji ba. Sai da ta ga jini a farin ulu ta duba. Ta wanke ulun, yatsan kuma ta ɗaure da tsumma ta ci gaba.

Ya kamata in faɗi abin da muka gani tun kafin nan muka ƙyale. Ta fi shekara tana ramewa. Ba ta rabuwa da kofin ruwa, kuma ba ta minti talatin ba ta zaga bayi ba. Ta taɓa ce min kiyashi na taruwa inda ta yi fitsari, muka yi dariya. Ni da na yi makaranta har sakandare, dariya na yi.

Mako na biyu yatsan ya kumbura. Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifinmu da ke zaune a Dayi, ta duba ta ce karkare ne, ƙurjin nan na kan yatsa, kuma karkare ba ya son allura. Aka huda lemun tsami aka zura yatsan. Aka daka ganye aka shafa. Da ya ƙi, aka kira wanzami ya tsaga, mugunya ta fita, kowa ya ce an samu sauƙi. Mai kemis ya ba ta ƙwayoyin rage zafi. Duk wannan ta waya nake ji, kuma kullum ce min take yi da sauƙi. Na tambaye ta saƙa fa, ta ce ta koma naɗe zaren a yatsan tsakiya.

Mako na uku maƙwabciyarta ta kira ni ta ce, "Zulai, in kina da hali ki zo ki ga yayarki da idonki."

Na shiga mota na tafi. Tun daga bakin ƙofar ɗakin na ji warin. Tana zaune a kan tabarma, ta ɗora hannun a kan matashi, gefenta tire cike da raguna, wasu an gama, wasu babu ƙaho. Na kwance tsumman. Kan yatsan ya yi baƙi kamar gawayi, bayan hannun ya kumbura yana sheƙi.

Na ce, "Yaya, wannan ne da sauƙi?"

Ta ce, "To me zan ce miki? Kina da yara, kina da miji."

Malam Ilu yana gona, damina ta sauka ana ta shuka. Na aika a gaya masa za mu asibiti. Ya aiko a ce mu je mu dawo kafin la'asar, akwai 'yan ƙwadago da za a dafa wa abinci.

Mun isa asibiti a Malumfashi da hantsi. Layin yankar kati kaɗai ya ci mana awa biyu. Babu wurin zama, ta jingina da bango tana riƙe da hannun a ƙirji, mutane suna matsawa daga kusa da ita suna toshe hanci. Wata mata ta ce da ƙarfi, don mu ji, wai masu irin wannan ciwon a waje ya kamata su jira. Bayan azahar muka ga likita. Ya sa aka ɗiga jininta a wata 'yar na'ura, ya duba, ya sa aka sake. Ya ce sugan da ke jininta ya wuce abin da na'urar ke iya karantawa. Ya juya hannun, ya latsa tafin, ya tambaye ta ko tana ji. Ta ce a'a.

Maganarsa har yau tana kunnena. Ya ce, "Baiwar Allah, wannan ciwon ba ya tsayawa inda kike ganinsa. Yau yatsa ɗaya nake nema. In kika dawo bayan mako, ban san abin da zan nema ba."

Ya ce ita ce mai jiki, in ta yarda za a cire yatsan. Ta ce sai Malam ya zo.

Ya zo da yamma, da taɓo a ƙafar wandonsa. Ya saurari likita har ya gama, sannan ya ce, "Da yatsu goma na auro ta. Ku likitoci ba ku san komai ba sai wuƙa." Ya juyo gare ni. "Ke kuma, daga cewa a duba ciwo sai ki kawo ta mahauta?"

Na roƙe shi. Na durƙusa a barandar asibitin nan mutane suna kallo. Ya ce ta tashi su tafi. Ta tashi. Likita ya rubuta magani da allurar suga, ya sa ta dangwala a takarda cewa da kanta ta ƙi. A bakin ƙofa na riƙe mayafinta na ce, "Yaya, jikinki ne fa." Ta ce, "Zulai, shekara ashirin da shida ban taɓa tsallake maganarsa ba. Ba zan fara a gaban jama'a ba."

Mako na huɗu a Dayi na yi shi, na bar yarana wurin kakarsu. Allurar da likita ya rubuta sau uku kawai aka yi mata, Gwaggo ta hana, ta ce ita ke ƙara hura ciwon. Masu dubiya suna ta shigowa, kowa da maganinsa. Wannan ta ce zuma, waccan ta ce man shanu da toka, wani ya aiko da rubutu, wani da hayaƙi. Duk wanda ya kawo sai an gwada, don kada ya ji haushi. Ni da nake cewa asibiti, na zama marar kunya mai gardama da manya.

A makon ne maganar ragunan ta taso. Gwaggo ce ta fara, tana zaune a bakin gado tana cin goro, ɗaki cike da mata.

Ta ce, "Ni dai tun farko ban so wannan sana'ar ba. Mutum ya zauna yana ƙera abu mai ido da ƙaho. Ga shi nan, hannun da ya yi shi aka kama."

Wata ta ce ai abin wasan yara ne, ba komai. Gwaggo ta ce, "To me ya sa ba ƙafa ba? Me ya sa ba ciki ba?"

Yaya Indo tana kwance tana ji. Kafin kwana biyu maganar ta zaga unguwa. Wasu matan suka daina shigowa, sai su tsaya daga tsakar gida su yi sannu. Ranar Alhamis Malam Ilu ya dawo daga gona, ya shiga ɗaki, ya ɗauki tiren ya fita. Ina dama koko a lokacin. Ya ture tukunyar ya juye ragunan cikin murhu. Sun fi talatin, aikin wata guda. Ulu ba ya ci kamar itace, narkewa yake yi yana ƙauri. Zobban ƙarfen ne kawai suka rage cikin toka.

Ya ce, "Yanzu sai mu ga ko za a samu sauƙi."

Ta taso da ƙyar ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo. Ba ta yi kuka ba. Ta ce min, "Ki tsince zobban, suna da amfani."

Ba a samu sauƙi ba. Baƙin ya cinye yatsu uku ya hau tafin hannu. Zazzaɓi ya rufe ta, ta fara kiran sunan mahaifiyarmu. Ranar Litinin da safe, bayan Malam Ilu ya tafi gona, na kira mijina Malam Bala ya zo da mota, muka ɗauke ta zuwa Funtua. Ban nemi izinin kowa ba. Da muka isa na kira Malam Ilu. Ya ce, "Tunda kin ɗauke ta ba da sanina ba, duk abin da ya same ta ke ce." Ya kashe waya.

Wannan shi ne mako na biyar. Likitan Funtua bai yi dogon bayani ba. Ya ɗora yatsansa ƙasa da gwiwar hannunta kaɗan ya ce daga nan. Ta kalli wurin, ta kalle ni, ta ce a kawo takardar. Ta dangwala da hannun dama.

Sai aka ce jininta ya yi ƙasa, ba za a shiga da ita ba sai an ƙara leda uku. Nawa bai dace ba. Malam Bala ya ba da ɗaya. Na kira dangi, kowa ya ce yana gona, wani ya ce shi jininsa bai isa kansa ba. Ban san wanda ya kai labari bakin titin Dayi ba, amma washegari da hantsi sai ga 'yan acaɓa huɗu sun iso, jiƙe da ruwan sama. Babbansu ya ce min, "Hajiya, mun ji mai raguna ce ba lafiya." Biyu daga cikinsu jininsu ya dace. Ko ruwan leda ba su yarda na saya musu ba. Ban san sunayensu ba. Allah ya san su, ya kare su a kan titi, ya biya musu buƙatunsu.

Haka nan ina godiya ga wata ma'aikaciyar jinya da ake kira Sista Larai. Ita kaɗai ce ta wanke ciwon nan ba ta kau da kai ba. Sauran wasu sai ka kira sau uku kafin su ɗago ido daga waya, in ka ƙara na huɗu su ce ka cika damu. Akwai ranar da ruwan da ake ƙara mata ya ƙare, jini ya biyo robar, na yi ta zarya tsakanin gado da teburinsu har wata ta ce min ba yayata kaɗai ce marar lafiya a duniya ba. Kuɗin magani kuwa ba zan lissafa ba. Akuyoyina sun tafi, keken ɗinkina ya bi su. Malam Ilu bai aiko da ko kwano ɗaya na masara ba.

Aka yi aiki ranar Laraba. Da ta farfaɗo ta ce min yatsunta na hagu suna ƙaiƙayi, in sosa mata. Ta ɗago ta duba, ta mayar da kai ta kwanta. Bayan an jima wani ma'aikaci ya kira ni gefe ya miƙo min kwali an naɗe da farin ƙyalle, ya ce hannun ne, namu ne, mu je mu binne. Malam Bala ya karɓa, shi da limamin unguwarmu suka kai maƙabartar Funtua. Da yamma ta tambaye ni, "Ina kuka kai shi?" Na gaya mata. Ta ce, "Malam ya sani?" Na ce an kira shi bai ɗauka ba.

Mako na shida shi ne makon Sallah. Ɗakin mata ya rage mutane, duk mai iya tafiya an sallame ta. Yaya Indo ta ɗan samu ƙarfi, ta fara zama. Amma ta canja. Matar da ba ta taɓa ɗaga min murya ba ta koma ba abin da nake yi daidai. Koko ya yi ruwa, ruwan wanka ya yi zafi, na ɗaura mata zani kamar na ɗaure buhu. Ina wanke mata jiki tana ce min hannuna kamar na maƙeri.

Ana jibi Sallah ta ce in buɗe jakarta. A ƙasa, cikin leda, akwai kwarashinta da ƙullin farin ulu da zobban da na tsince. Ta ce rago ɗaya take so ta yi wa Sista Larai. Ita za ta riƙe kwarashi da dama, ni in zama hagunta, in riƙe zaren da abin da ake saƙawa.

Na zauna a gefen gadon, kafaɗata a jikin dungun hannunta. Ban taɓa koyon saƙa ba. Ta ce in naɗe zaren a yatsa, in sake shi kaɗan kaɗan. In na ja ya yi tsauri kwarashi ya ƙi shiga, in na sassauta saƙar ta yi rami. Mu yi layi uku ta ce, "Warware." Mu sake, ta ce, "Warware." Tun hantsi har azahar ba mu gama kan rago ba. Washegari muka koma. Bayana ya riƙe, ban ga yarana ba kwana da kwanaki, ban yi musu ɗinkin Sallah ba, ƙaramar tana zazzaɓi a gidan kakarta.

Wajen la'asar muka kai wuya. Ta duba ta ce, "Wannan ba rago ba ne, ɓera ne. Warware." Ta ƙara da cewa, "Na raine ki shekara goma sha biyar, zare ma kin kasa riƙe min. Ruɓaɓɓen hannun da aka yanke ya fi naki amfani."

Na jefar da ulun a ƙasa. Na ce, "Ai gara nawa, yana jikina. Ke da kin ji maganar likita da ba ki zama abin da kika zama ba. Mijin da kika zaɓa a kan hannunki yana ina? Ko Gwaggo ta yi gaskiya ne, ragunan ne suka cinye ki?"

Matar da ke gadon kusa da mu ta ce, "Haba, 'yar nan."

Yaya Indo ta ajiye kwarashin a kan bargo a hankali. Ta juya fuskarta bango.

Na fita baranda na yi kuka, na dawo na durƙusa na ce ta yafe min, gajiya ce. Ba ta amsa ba. Ranar Sallah na kawo mata romo, ta karɓa ta sha. In na ce ta ɗaga a canja zani ta ɗaga. Tana gaisawa da Sista Larai, tana gaisawa da Malam Bala. Ni ce dai ba ta ƙara yi wa magana ba. Malam Ilu ya yanka ragonsa a Dayi, an ce min ƙato ne. Bai zo ba, bai aiko ba.

Kwana uku bayan Sallah zazzaɓin ya dawo. Fitsari ya ɗauke, ƙafafunta suka kumbura. Likita ya ce dafin ciwon ya riga ya shiga jini tun kafin a yi aiki, yanzu ƙoda ta gaza. Ya ce akwai injin wankin ƙoda a babban asibiti mai nisa, amma bai ga alamar za ta jure hanya ba. Na tambaye shi da an cire yatsan tun ranar farko fa. Ya ce, "Hajiya, kada ki tambaye ni wannan."

Ta yi kwana huɗu a haka. Kullum ina zaune ina riƙe da hannunta na dama, ina cewa, "Yaya, ki yafe min." Wani lokaci idonta a buɗe yake. Ban sani ba ko tana ji. Ranar Juma'a da hantsi Sista Larai ta zo duba ta, ta daɗe tana riƙe da wuyan hannunta, sannan ta ja bargo ta rufe mata fuska.

A ranar Malam Ilu ya ɗauki waya. Ya zo da mota da mutane shida, ya ce matarsa ce, a garinsa za a binne ta. A wurin zaman makoki ina jinsa daga zaure yana gaya wa masu gaisuwa an yi iya ƙoƙari, kwana ne ya ƙare. Suna ba shi haƙuri. A cikin gida Gwaggo ta ce, a gabana, da an bar ta a ɗakinta ana mata na gida da yanzu tana nan da hannunta, amma wasu sun fi kowa sani, sun kai ta an yanka. Mata suka juyo suna kallona.

Ga abin da nake so mai karatu ya ɗauka. In kina shan ruwa ba ƙoshi, kina ramewa, ki je a gwada sugan jininki, minti biyar ne. In ciwo ya fito miki a hannu ko ƙafa ya wuce kwana uku bai kama hanyar warkewa ba, kada ki zura shi cikin lemo. In likita ya ce yau, yau ɗin yake nufi, kuma dangwalawarki ta isa, ba sai ta wani ba. Ke kuma mai jinya, in kika ji magana ta taso miki har maƙogwaro, ki tashi ki fita waje. Marar lafiya yana iya faɗar abin da ya ga dama. Ke ba ki san ko za a ba ki lokacin janye taki ba.

Allah ya jiƙan Yaya Indo, ya sa ciwon ya zama kaffara. Na roƙi Malam Ilu ya bari a binne ta a Funtua, kusa da inda aka sa hannunta. Ya ce ba a taɓa yi ba. Tana Dayi, hannunta yana nan garinmu, bayan unguwarmu kaɗan. Ta gefen katangar maƙabartar nake bi kullum in zan kai yara makaranta.